Mai Sauka a Tsaye

Mijina ɗan dako ne. Gangunan kaya yake ɗauka daga bakin ruwa zuwa garin sama, shi da abokan aikinsa, su rataye ganga a jikin doguwar gora su saɓa a kafaɗa, suna tafiya suna nishi tare. Wanda bai san Bahiya ba, garin nan na ƙetaren teku da aka kawo mu bauta, ba zai gane wahalar ba. Gari ne hawa biyu. Jiragen ruwa da rumbunan kaya suna ƙasa, masu kayan suna can bisa tudu, mu kuma muna tsakani muna ta hawa. Ni ma hawan nake yi kullum da kaskon suya da ƙullun ƙosai a ka, in zauna a wata kusurwa ta hanyar tudun da ake kira Ladeira da Praça. A nan ya fara ganina. Ya sayi ƙosai, ya tauna, ya ce gishiri ya yi yawa. Da Hausa ya faɗa. Na daɗe ban ji namiji ya yi mini magana da Hausa ba, har na manta in rama. Daga baya na rama, na yi ta ramawa har Allah ya raba mu.

A lokacin mu duka biyu mun fita daga hannun iyayengijinmu. Jiragen da suka kawo mu sun daina zuwa, mun gode Allah da haka, amma kuma babu sauran sabon Bahaushe da zai sauka a bakin ruwa. Waɗanda ke nan sai tsufa suke yi suna raguwa. Yarbawa, waɗanda a nan ake ce wa Nago, su ne da yawa, da harshensu ake ciniki, da shi ake faɗa. Ga shi kuma tun tawayen da Musulmi suka yi kafin a kawo ni, in mutanenmu suka taru suka ɗaga murya sai ka ga 'yan doka sun leƙo. Saboda haka Hausa ta zama abin cikin ɗaki, ana yin ta ƙasa-ƙasa kamar gulma.

Rana ɗaya ce a shekara ake jin ta da ƙarfi a fili, kuma mijina ne sanadi.

Bayan manyan gidajen unguwar Vitória akwai wani gangare mai ciyawa da ya sauka har bakin teku. Idan damina ta kusa ƙarewa, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ciyawar takan yi santsi kamar kuɓewa. Sai 'yan dako su sa wata Lahadi su taru a can da la'asar don tseren sulu. Kowa ya nemo gindin reshen kwakwa, faffaɗan nan mai kama da ƙaramin kwalekwale, ya zauna a ciki ya riƙe bakinsa, a sake su su gangara. Wanda ya fara taɓa yashi shi ne gwanin shekara. Ba a ba shi komai sai abu ɗaya: baɗi shi zai tsaya a bisa ya yi kiran farawa, da harshen garinsu, da iyakar muryarsa. Turawan gidajen suna kallo daga tagogi suna dariya, wasan baƙaƙe ne a wurinsu, don haka ba mai kiran 'yan doka.

Shekara da shekaru da Yarbanci ake kiran, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai ga nawa ya zo da tasa wautar. Ya ce shi ba zai zauna ba. Wai duk mako a sunkuye yake ƙarƙashin kayan wani, ranar da zai sauka ba kaya kuwa a tsaye zai sauka. Ya samo katakai biyu na jikin fasasshiyar ganga, masu ɗan lanƙwasa, ya kankare su da kwalba har suka yi sumul, ya huda su ya zura igiyar fata da zai ɗaure ƙafafunsa. Ya yanko guntun gora ya riƙe a hannu don juyawa. Gangar giya ce, kuma dattawanmu sun yi ta gardama a kan haka. Ya ce musu, "Baba, ai takawa zan yi, ba sha ba." Mafi tsufansu, wani mai kamun kifi daga unguwar Itapagipe, ya ce to a wanke dai sau bakwai.

Man shafawa daga kaskona yake fitowa. Ragowar manjan da na soya ƙosai da shi, wanda ya yi baƙi, shi yake haɗawa da kitsen shanu ya goga a ƙarƙashin katakan. Ya rantse sabon manja ba ya gudu. Ban taɓa yarda ba, na fi zaton rowa ce, amma na riƙa tara masa a ƙoƙo.

Shekarar farko ya faɗi tun bai yi nisa ba, ya ƙarasa gangaren a kan bayansa, katakan a sama. An yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Na wanke masa ƙujewa da ruwan gishiri ina cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ya ce in dai ci gaba da tara man. Duk Lahadin da aka yi ruwa sai ya tafi can shi kaɗai, ya dawo da laka har kunne. A shekara ta biyu ya kai yashi a tsaye, amma a ƙarshen kowa. A ta uku na ga abin da har yau in na rufe ido nake gani.

Akwai wani kurmin ayaba a tsakiyar gangaren, inda dole a karkata. Masu zama sai sun ja ƙafa a ƙasa sun rage gudu, in ba haka ba su afka ciki. Shi kuwa ya lanƙwasa gwiwa, ya kwanta gefe guda kamar zai ɗauki wani abu a ƙasa, ya soka gorar, katakan suka yanki ciyawa suka watsa ruwa, ya wuce su duka. Rigarsa ta cika da iska. Ban san lokacin da na saki guɗa ba, ni da na zo da niyyar ɗaukar gawa.

Da shekara ta zagayo ya tsaya a bisa, ya cika ƙirji, ya ce, "Gafara dai, masu hanya! Ga mu nan tafe!" Shi ke nan kiran, bai fi haka ba. Amma na juya na ga dattawanmu, mutanen da ban taɓa ganin haƙoransu ba, suna kuka suna dariya. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Daga nan ya riƙe gangaren. Samarin Nago sun gwada tsayuwa, suka karya katakai da haƙora, suka koma zamansu. Kowace shekara kuma kiransa ƙara tsawo yake yi, don ba a ƙayyade wa mai kira iyaka ba. Ya fara sa gaisuwa a ciki. Ya gai da mutumin Katsina, ya gai da na Zazzau, ya tambayi na Gobir ya gajiya, su kuma suna amsawa daga cikin taro da ƙarfi. Nago suna ƙorafi wai ciyawa za ta bushe kafin Bahaushe ya gama gaisuwa. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Mukan dawo gida a ƙafa da yamma, shi yana saɓe da katakan, yara suna bin mu, ni ina yi masa faɗa a kan rigar da ya yaga.

Sai gwiwarsa ta dama ta fara magana. Dako ne ya cinye ta, gangaren ya ƙarasa. Da safe sai na dafa ruwa na gasa masa kafin ya iya miƙewa. Na ce masa, "Maigida, ƙafar nan da ita muke ci. Ka ci gangaren nan har ka ƙoshi, ka bar wa yara." Ya ce to. Irin "to" ɗin da na sani, hali zanen dutse.

Da damina ta ja baya sai ga tsohon Itapagipe ya zo gidanmu. Ya yi tafiyar nan duka da sanda, ga shi ido ya fara dushewa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Bai roƙi komai ba. Ya dai zauna yana lissafa waɗanda suka rasu a shekarar, sannan ya ce, "Ɗana, bana ma za mu ji?"

Na riga mijina amsawa. Na ce, "Baba, bana za ku ji, ai shi ya ci bara, kiran nasa ne. Ya yi kiransa ya koma gefe."

Tsohon ya ce, "Haka ne, 'yata. Baɗi fa?"

 Wanda bai sauka bana ba, ba shi da kira baɗi, kowa ya san wannan. Da tsohon ya tafi na shiga madafa na ɗauko ƙoƙon man na dangwarar da shi a gaban mijina. Na ce in ya karye kada ya kira sunana. Ina jin haushi, ina kuma jin tsoro, amma ni ma ina son in ji baɗi.

Ranar tseren an yi yayyafi da hantsi, rana ta fito da la'asar, teku ya yi shuɗi har yana kashe ido. Na ɗaure masa gwiwa da tsumma da hannuna. Ya tsaya a bisa ya fara kira. Bai taɓa yin mai tsawon wannan ba. Ya gai da masu rai, ba su da yawa, nan da nan ya gama. Sai ya shiga gai da garuruwan da ba sauran mai amsa musu. Ya kira Gobir, shiru. Ya kira Daura, shiru. Ya kira garinmu, wanda ni kaɗai ce daga can, na amsa, muryata ta fito ƙarama. Ko Nago ba su yi ƙorafi ba ranar. Sannan ya ce, "Gafara dai, masu hanya!" aka sake su.

Ya fita gaba kamar kullum. Har kurmin ayaba yana gaba. Na ga ya lanƙwasa, ya soka gorar, sai na ga ƙafar dama ta ƙi. Da ya dage a tsaye da cikin ayaba zai afka da kai, ko gwiwar ta tsinke. Sai ya zauna. Ya durƙusa a kan katakan ya zauna a dugadugansa, kamar kowa, ya ja hannu a ciyawa ya rage gudu. Wani saurayin Nago ya wuce shi, wani ma ya wuce. Ya isa yashi a zaune.

Na gangara ta hanyar ƙafa ina zamewa. Na same shi yana kwance igiyoyin, bai ɗago ba. Ya ce, "Kin ce da ita muke ci." Na ce na faɗa. Ya ce, "To ga ta nan, na kawo miki." Na tsugunna na karɓi katakan. Na shekara ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya ji magana, ranar da ya ji kuwa sai na ji kamar an yi mini sata.

Ƙafar ta yi mana aiki wasu shekaru, ba laifi. Ya bar ganguna ya koma ɗaukar ƙananan kaya. Da shekara ta zagayo mun je gangaren, don ya ce rashin zuwa ƙyashi ne. Saurayin nan ya tsaya ya yi kiransa da Yarbanci, da murya mai kyau, haƙƙinsa ne. Tsohon Itapagipe bai zo ba, an binne shi kafin damina. Muna tsaye a gefe sai mijina ya sunkuyo wajen kunnena ya ce, "Gafara dai, mai hanya," ƙasa-ƙasa. Na ture shi da gwiwar hannu na ce ya girma.

Yanzu an daina tseren ma. Wani mai gida ya kewaye gangaren ya dasa itatuwa. Katakan suna bayan ƙofata, sun bushe sun tsage, jikokin maƙwabta sun ɗauka itacen wuta ne. Ɗiyarmu tana jin Hausa amma da harshen Turawan nan take amsa mini, 'ya'yanta kuwa ko jin ba sa yi. Tun da aka kai mijina makwancinsa ban sami wanda zan yi wa faɗa da harshena ba, kuma wannan kewar ta fi ta komai ciwo.

Har yanzu ina suya, sai dai ba kullum ba. Da yamma in na tattara kaskona na ɗora a ka, sai in bi Ladeira da Praça in gangara a hankali, ina dafa bango saboda santsin duwatsu. Hanyar takan cika da masu dako da masu ɗaukar mutane a kujera. In suka tare mini gaba nakan ɗaga murya yadda yake yi, in ce, "Gafara dai, masu hanya!" Ba wanda yake matsawa. Sai in jira su wuce.