Ranar da Ban Juya Baya Ba

Abin da ya fara ɗaukar idona wani ɗan baƙin abu ne da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, mai maɓalli biyu da ɗan gilashi a jikinsa. Alhaji Mudi ne ya fito da shi daga aljihu ya ajiye a kan teburin shagona a Funtua. Na tambaye shi ko irin abin zuba waƙoƙi ne. Ya ce a'a, asusu ne.

A lokacin gyaran waya da caji nake yi kusa da tasha. Ni mutum ne mai karatun littattafan soyayya. Tun ina sakandare nake hayarsu, kuma Allah ya ba ni kai, in na karanta shafi sau biyu ya zauna. A cikin littattafan nan saurayi kullum da motarsa yake zuwa zance, ni kuwa ko babur sai na ara. Akwai wata Rakiya da ke kawo wayar yayarta caji. Ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba, amma a zuciyata har na sa wa 'ya'yanmu suna.

Ban fara da babbar sata ba. In tsoho ya kawo waya ya faɗa min lambar sirrinsa, sai in tura ɗan kati zuwa layina. Daga baya na fara cire batir mai kyau in sa tsoho. Ban taɓa kiran wannan sata ba, ladan wahala nake ce masa.

Alhaji Mudi ɗan kasuwar hatsi ne a Dandume, aminin mahaifina marigayi. Manoman ƙauyukan da ke kewaye sukan bar masa masararsu da kaka, ya sayar in farashi ya yi kyau, ya riƙe kuɗin har gab da damina, sannan ya sayo musu taki. Babu takarda tsakaninsu, magana ce kawai. Da darajar naira ta yi ta zubewa, kuɗin kaka ya daina isa takin damina. Sai ɗan ƙanensa Kabiru, da ke zaune a Kaduna, ya ba shi shawarar ya riƙa mayar da kuɗin dalar kirifto, wato kuɗin intanet, ya kuma aiko masa da wannan na'ura. Ya ce ya nemi wanda ya san waya ya haɗa masa. Alhaji bai san kowa ba sai ni.

Na je gidansa bayan azahar, muka zauna a ɗakin baƙi. Na sauke manhajar daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar yadda takardar cikin kwali ta ce, na haɗa ta da wayarsa. Na nuna masa yadda zai sa lambar sirri a jikin na'urar kanta, ba a waya ba, da yadda ko sisi ba zai fita ba sai ya duba gilashin ya danna maɓallin da hannunsa. Abin ya burge shi. Ya ce wannan ya fi akwatin ƙarfe.

Sai na'urar ta fara nuno kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin da huɗu. Su ne ainihin mabuɗin. In na'urar ta ɓata ko ta ƙone, da su ake dawo da dukiyar. Wanda kuma ya san su ba ya buƙatar na'urar, ba ya buƙatar lambar sirri.

Na ce, "Alhaji, a nan takardar ta ce kowa ya fita. Ko ni bai kamata in gani ba."

Ya yi dariya ya ce, "In kore ka daga ɗakina kamar ɓarawo? Da ni fa aka ci ragon sunanka. Zauna ka karanto min, in rubuta da ajami."

Alhaji ya san baƙaƙen boko, da su yake sa alama a buhuna. Da na ce ya kwafe su harafi harafi ni kuma in juya baya, da ya yi. Shi kunya ta hana shi korata, ni kuma na ji daɗin kunyar tasa. Na karanta masa kowace kalma sau biyu. Washegari ya kai takardar wurin baduku aka ɗinke ta cikin fata kamar laya, ya rataya a jikinsa, na'urar kuma ya kulle ta a akwati. A saninsa kuɗin suna cikin akwatin.

A motar komawa Funtua na tarar kalmomin suna kaina. Ɗaya tana nufin kogi, wata fitila, wata gada. Sai na jera su cikin wani labarin soyayya na ƙirƙira, saurayi ya tsallaka kogi da fitila, ya iske budurwa a kan gada, haka har ƙarshe. Kullum sai na maimaita labarin ina gyaran waya. Ina gaya wa kaina wasa ne kawai. Haka aka ci kaka, aka shiga bazara.

Ranar da na ji an kai kuɗin gaisuwar Rakiya daga gidan wani malamin makaranta a Malumfashi, sai na tuna yadda ake yi a littafi: saurayin gaskiya yakan bayyana da mota ana saura kaɗan, komai ya juye. Na buɗe wata manhaja a wayata na shigar da kalmomin. Dukiyar manoman Dandume ta bayyana a gabana. Kwashe ta bai kai lokacin da nake ɗauka in canja batir ba. Akwai ma wani a bakin shago yana jiran wayarsa.

Na sayi mota a Kaduna, na sa shadda sabuwa, na tsaya a ƙofar gidansu Rakiya na aika a yi min sallama da ita. Ta fito ta dube ni, ta dubi motar, ta ce, "Malam, ba kai ne mai caji ba? Yaya ta bar bashi ne?" Ko sunana ba ta sani ba.

Da hadari ya fara haɗuwa Alhaji ya zo shagona da na'urar a hannu, ya ce asusun ya lalace, yana nuna babu komai. Ya ce akwati a kulle yake, laya kuma ga ta ko zare ɗaya bai kwance ba. Na karɓa na jona, na yi ta danne-danne, na ce wataƙila matsalar sabis ce. Ya yi min godiya, har ya ba ni na shan ruwa. Na karɓa.

Kabiru ya zo daga Kaduna. Tambaya ɗaya ya yi, wa ke ɗakin ranar da aka rubuta kalmomin. An ce Alhaji ya ƙi faɗa, ya ce ba zai ɗora wa maraya zargi ba. Amma kirifto ba ya ɓoye sawu, duk inda kuɗi ya bi a rubuce yake, kowa na iya dubawa. Sawun ya tsaya a wata kasuwar canji ta intanet inda na mayar da kuɗin naira, bayan na yi rajista da katin shaidata da hoton fuskata. 'Yan sanda suka same ni a shago. A kotu ban yi musu ba.

An sayar da motar, ba ta rufe ko rabin kuɗin ba. Ruwa kuwa ya riga ya sauka, manoma suna jiran taki. Alhaji ya sayar da gonarsa da rumfarsa ya saya musu. Wasu ya isa gare su a makare, masara ta riga ta yi rawaya. Wannan a gidan yari na ji shi, daga bakin mahaifiyata, a zuwanta na farko kuma na ƙarshe. A can na yi shekaru ina ba fursunoni labaran littattafan da na haddace, suna ba ni sabulu. Labarin kogi da fitila kaɗai ban taɓa ba kowa ba.

Yanzu na fito, na tuba, ina aikin ƙodago a gonar wani a Kafur. Ku matasa, musamman masu riƙe wayoyin mutane, ku ji tsoron katin nan na farko da ba a ganin ya kai sata, daga shi ake farawa. Kada ku auna rayuwarku da ta mutumin cikin littafi, shi ba ya biyan kuɗin motarsa. Wanda kuma ya mallaki irin wannan na'ura, kalmomin nan nasa ne shi kaɗai. Kada ya karanta wa kowa, kada ya ɗauke su hoto, kada ya rubuta su a waya ko a wani shafi ko wane ne ya nema. In dattijo ya ji kunyar korarku, ku kori kanku.

Bara na sami Alhaji Mudi a kasuwar Malumfashi, yana awon masarar wani da tiya a ƙarƙashin laima. Ya tsufa. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya matsa min a kan buhu na zauna. Muna nan wata mata ta sayi masara ta tura masa kuɗin ta waya. Ya fito da wayar zai duba, ya ɗora yatsa a kan lambobin, sai ya tsaya. Bai ɗaga kai ba.

Ya ce, "Ɗana, ɗan juya baya."

Na juya.