Ranar Da Aka Sallame Ni Ba Ko Ƙwaya Ɗaya

Shekarun baya, ba za su wuce shida ko bakwai ba, aka yi mini aikin mafitsara. Aiki ya yi kyau, amma ya bar ni da abin da na kasa gaya wa kowa. In na yi tari, sai ɗigon fitsari. In na ɗago daga sujada, haka. Ga wani ciwo mai nauyi a ƙasan mara da ƙugu. Ni ne kuwa nake jan salla a ɗan masallacin unguwarmu a Birnin Kudu tun da na ajiye fatauci. Na tambayi malaminmu a kaikaice, na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce mai irin wannan lalura sallarsa tana nan, amma an fi so kada ya ja masu lafiya. Yana faɗa yana kallon ƙasa, na san ya gane wanin. Daga ranar na ce wa jama'a gwiwa ce ta matsa mini, na bar wa wani limancin.

Babban ɗana ya mayar da ni asibiti, aka tura mu ɓangaren gashin ƙashi. Likitan matashi ne, sa'an ɗan nawa. Ya yi tambayoyinsa, ya duba ni, sannan ya kwantar da ni rigingine, ya ce in tanƙwara gwiwa in ɗaga ƙugu sama, in ƙirga biyar in sauke. Ya ce tsokar mara da ta mazaunai ce ta yi sanyi, ita za a tayar.

"Sannan Baba, ka matse ƙasanka kamar iska ta matsa maka a gaban surukai. Ka ja sama, ka saki."

Na ce, "To, na ji. Maganin fa?"

"Shi ke nan maganin, Baba. Sau uku a rana. Mu gan ka bayan mako shida."

Ni mutum ne da ya yi jinya a Kumasi, ya yi a Hartum, ya yi a Jidda. Da Larabci da Turanci da Fulatanci duk na yi wa likitoci ƙorafi, kuma ban taɓa fitowa hannu rabbana ba. Ko allura, ko ƙwaya, ko ruwan ɗaci a kwalba. A nan gida kuwa kowa ya san fassarar a ce wa marar lafiya ya koma gida babu magani: an gama, a je a yi ta addu'a. Haka aka yi wa yayana, bai yi wata ba. Muna fita kuma likitan ya tsayar da ɗana a bakin ƙofa suka yi ƙus-ƙus. A mota na tambaye shi, ya ce, "Cewa ya yi in riƙa tuna maka." Na ce a raina, to, an fara.

Daga nan komai ya zame mini shaida. Ɗana ya kawo kaji biyu ba dalili, na ce na bankwana ne. 'Yata ta zo daga Sundimina ba salla ba biki, na ce kiranta aka yi. A hankali na fara raba littattafaina. Motsa jikin kuwa na yi shi mako guda da haushi, abin ya ƙaru maimakon ya ragu. Na ce ai dama abin rarrashi aka ba ni.

Wata safiya na kwashi takardun asibitin a ɓoye na hau mota zuwa Gwaram, wurin abokina, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya. Ya sa tabarau ya karanta su ɗaya bayan ɗaya.

"Babu komai a nan, Alhaji. Tsoka ce ta yi lalaci, kamar mai ita."

"Ɗana ya yi maka waya ko?"

"Kai, in mutuwa za ka yi ai ni zan fara gaya maka, in huta da surutunka. Je ka ka ɗaga ƙugu."

Na ci tuwonsa na dawo, amma tun kafin mu shigo gari na gama yanke cewa shi ma an haɗa baki da shi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina kwance a tabarma ina gwada abin, uwargidana ta shigo da kunu. Ta tsaya tana kallona, na riƙe numfashi, jijiyar wuya duk ta miƙe.

"Alhaji, haihuwa za ka yi?"

"Ajiye ki fita."

"Ai yunƙuri kake, ba matsewa ba. Ƙasa kake tura shi. Saki numfashinka, ka ja ciki kamar za ka tsayar da fitsari."

Na ce, "Ke a ina kika sani?"

Ta ajiye kwanon ta zauna. Ta ce bayan haihuwar autanmu ita ma haka ta zama. In ta yi atishawa, in ta ɗaga bokiti, in ta yi dariya sosai. Kusan shekara uku tana fama, har wata ungozomar asibiti ta koya mata wannan matsewar da ɗaga ƙugun.

"Ba su ba ki magani ba?"

"Ko ƙwaya. Ga ni kuma ban mutu ba." Ta harare ni. "Kana tsammanin ban ga kana raba littattafai ba? Gyara ƙafarka. Ɗaya. Biyu. Numfashi, Alhaji!"

Haka ta zama malamata, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan. Da na koma wurin likitan ya ce yadda ta gyara mini shi ne daidai, ya ƙara mini wasu. Abin bai zo da sauri ba. Ciwon ƙugu ne ya fara lafawa, ɗigon ya biyo baya a hankali. A wata na huɗu na shiga gaba na ja La'asar. Na yi sallama, na dawo gida, na duba wandona a bushe. Littattafan dai biyu kawai aka dawo mini da su.

Yau in na tuna zargin da na yi wa likitan da ɗana da abokina, dariya nake. Na roƙi gafararsu, abokina har yanzu in ya gan ni sai ya ce, "Ina mamaci?" Abin da ba ya ba ni dariya shi ne amsar da uwargidana ta ba ni ranar da na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini nata ba.

Ta ce, "Yaushe? Kullum kana hanya. In ka dawo kuma kai ke ba da labari, mu muna ji."

Ni wata huɗu na yi, na tayar da hankalin gida gaba ɗaya. Ita shekara uku, tana dafa mini abinci, tana wanke zanenta a bayan ɗaki, ban taɓa lura ba.