Ranar da Lieven Ya Ja Labule

Lieven Poppe ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran keke a ƙauyenmu, a wata 'yar rumfa da ke jingine da ganuwar teku. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana. In ka kai masa keke sai ya fara juya tayar baya ya kasa kunne, kafin ya tambaye ka abin da ya same shi. Wannan labari shi ya ba ni da bakinsa, kaɗan-kaɗan, a shekarun ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya tsallake mahaifiyata ta cike mini, don tana cikin matan da abin ya shafa.

Matarsa Tanne ta faɗi a kicin a shekarar 1983, tana cikin feraye dankali. Da aka dawo da ita daga asibitin birni ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Ba su haihu ba. Lieven yana da shekara sittin da shida a lokacin, ga ciwon baya da sunkuyon aiki ya bar masa, ba zai iya ɗaga ta shi kaɗai ba. Sai matan cocinmu shida suka raba kwanaki, daga Litinin zuwa Asabar, kowace da safiyarta. Su yi mata wanka, su canza shimfiɗa, su zaunar da ita a kujerarta mai taya. Likita ya faɗa wa Lieven ba ɓoye-ɓoye cewa muddin matan nan na zuwa Tanne za ta zauna a gidanta, ranar da suka daina kuwa zai sa hannu a takarda a kai ta gidan tsofaffi na tsallaken ruwa.

Akwai wanda tun farko yake so a kai ta can, wato yayanta Dingeman Wisse, ɗaya daga cikin dattawan coci. Ba mugu ba ne. A ganinsa can ne ya dace da ita, inda akwai masu jinya kuma ana karanta Littafi Mai Tsarki safe da yamma. Duk haɗuwarsu da Lieven sai ya tuna masa cewa ya yi magana, an san da sunanta a can.

Tanne ta yi kusan shekara biyu ba a ji ko tarinta da ƙarfi ba. Tana ci, tana barci, tana kallon bango.

Wata Alhamis, sun fito daga ganin likita a birni, ruwa ya tsuge. Lieven ya tura kujerar ƙarƙashin wata rumfa, ashe ƙofar shagon hayar kaset ce. Ta cikin gilashi akwai talabijin a kunne. Wani ƙaton mutum mai tumbi, daga shi sai tawul, yana ƙoƙarin fita ta tagar ɗakin matar wani. Tawul ya maƙale a ƙusa, mutumin ya wuce ya bar shi. Lieven ya kau da kai da sauri, sai ya ji wani sauti daga kujerar. Ya ɗauka shaƙewa ta yi, har ya ɗaga hannu zai buga mata baya. Ashe dariya take, da rabin bakin da ke motsi, hawaye na bin kuncinta.

Ruwa ya ɗauke bai sani ba. Motar hayar da za su shiga ta wuce, suka jira ta gaba.

A cocinmu ba a ajiye talabijin, kuma Lieven bai taɓa jin yana son ajiyewa ba. Amma cikin mako uku ya sayi tsohuwa da na'urar bidiyo, aka kawo masa su cikin kwalin kayan keke. Ya kwashe zannuwan gado daga kabad ɗin ɗakin baya, ya huda katako ya zura waya, ya sa su ciki. Tagar ɗakin baya ganuwar teku take kallo, ba mai bi ta nan sai tumaki.

Da farko ya so ya yi abin cikin mutunci. Ya ɗauko kaset na namun daji, Tanne ta yi barci. Ya ɗauko na zanen yara, ta kalle shi kamar ya zage ta. A zuwa na huɗu yarinyar shagon, Jolanda, ta dafa teburin shagon ta ce, "Baba, ka daina wahalar da giwaye. Wanda kake nema yana can lungu, layin ƙasa."

Ya ce ba shi ba ne, matarsa ce.

"Kowa matarsa ce, Baba. Na likitoci za ka fara da shi ko na otal?"

Ya ɗauki na otal. Daga nan duk Alhamis yana shiga birni da sunan sayen bututun taya, ya dawo da kaset biyu a ƙasan jaka, albasa a kansu. Jolanda ta riƙa ware masa sababbi. In ya shigo sai ta ce ga angon layin ƙasa ya iso, kunnuwansa su yi ja, ya ajiye na hannunsa ya ɗauki wasu.

Na taɓa tambayarsa me ke cikin finafinan nan. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya amsa. Ya ce duk iri ɗaya ne: ƙofofi da yawa, miji ya dawo ba zato, wani ya ɓuya a ƙarƙashin gado da wandonsa a hannu. Tun da Tanne ta faɗi, doguwar magana ba ta shiga kanta, amma faɗuwar wando ba ta bukatar bayani. Ya ce kuma akwai wani abu da sai daga baya ya lura da shi. A finafinan nan jiki ba abin jinya ba ne. Masu tumbi, masu sanƙo, tsofaffi, kowa yana son wani kuma wani yana son sa. Mutum ya faɗo daga bene ya miƙe ya ci gaba da gudu. Mace da ake juyawa kowace safiya ana goge ta kamar tebur, ya ce, ka bar ta ta ga haka na awa ɗaya da rabi. Kuma dama can haka Tanne take. Kafin aure, in suna bayan ganuwa su biyu, tana da bakin da zai kunyata matuƙin jirgi. Gidan ubanta da cocinmu ne suka koya mata rufe shi.

Shi kansa ya ce kunya yake ji, yakan zauna a gefe yana kallon fuskarta. Amma ya amsa cewa akwai wani mai wankin taga da ya ba shi dariya har sau biyu.

Matan suka fara cewa Tanne ta yi haske, tana cin abinci. Mahaifiyata ta ce addu'a ce ta karɓu. Leuntje, maƙwabciyarsu ta tsallaken titi, mai ranar Talata, ta ce ita dai takan ji wani irin kiɗa da rana ta wajen bayan gidan, ba ta san daga ina ba.

A ƙarshen kaka dattawa biyu suka zo ziyarar gida da aka saba, Dingeman da wani. Aka sha gahawa, aka karanta Zabura, aka tambayi Lieven halin da zuciyarsa ke ciki. Da za su fita ta baya, Dingeman ya tsaya ɗaura igiyar takalmi, ya dafa kabad ɗin. Bai ɗauke hannun da wuri ba.

"Kabad ɗin nan naka da ɗumi, Lieven."

"Bututun ruwan zafi ne ya bi ta bayansa, Yaya."

Dingeman ya dubi bangon, ya dubi ƙanwarsa, ya sa hularsa. Tun daga ranar ya riƙa biyowa ta titinsu da rana, abin da bai saba ba. Ba ya shiga. Yakan rage tafiya daidai tagar gaba, ya ɗaga hannu, ya wuce.

Lieven ya yi mako biyu bai buɗe kabad ba. Tanne ta koma kallon bango, ta fara ture cokali. Ya buɗe.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Ɗakin baya ya zama kamar cikin rijiya, likita ya ce a mayar da gadonta ɗakin gaba inda murhu yake. Ɗakin gaba kuwa tagarsa a bakin titi take, babba, kuma a ƙauyenmu labulen gaba a buɗe yake wuni. Mai wucewa yana ganin teburinka da abin da ke kansa. Ba a jan labule da rana sai in an yi rasuwa a gidan. Haka muke sanarwa, tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci.

Lieven ya yi dabara. Ya sa wa wani ƙaramin tebur taya, bayan azahar ya turo talabijin daga baya ya ajiye a kusurwar da ke jikin taga, inda na waje ba zai hango fuskar talabijin ɗin ba, ya rage sauti. In ya ji taku sai ya yafa wa talabijin mayafin tebur. Sun yi wata guda a haka.

Wata Laraba a watan Fabrairu gari ya washe. Wajen ƙarfe uku rana ta sauko ƙasa-ƙasa, ta doki madubin bango, hasken ya dawo kan gilashin talabijin ya shafe hoton. Daidai lokacin an kai wurin da Tanne ta fi so a wani kaset da suka kalla sau uku. Ta fara buga hannun kujera da hannunta mai lafiya. Ya matsar da tebur, hasken ya bi shi. Ta ci gaba da bugawa tana wani gurnani. Ya miƙe ya ja labule.

Ya ce mini a ransa minti biyar ne, rana ta gota ya buɗe. Amma Tanne ta fashe da dariya, ya zauna kusa da ita, ya manta.

Leuntje ce ta fara gani. Ta ajiye saƙarta, ta tsallaka gidanmu ta faɗa wa mahaifiyata cewa Tanne ta huta. Cikin rabin awa maganar ta kai ƙarshen titi. Mai kaɗa ƙararrawa ya aika a tambayi Dingeman ko ya fara. Dingeman ya ce a dakata ya ga gawar ƙanwarsa tukuna. Ya sa baƙar kwat ɗinsa, matarsa ta ɗauko farin zanen da aka tanada, mata huɗu suka bi bayansu. Mahaifiyata ta ce Dingeman yana tafe yana share ido, ba ta taɓa ganin haka ba.

Suka shiga ta ƙofar baya ba sallama, kamar yadda ake shiga gidan rasuwa. Daga kicin suka ji wani sauti mai shiɗewa, suka ɗauka Lieven ne ke kuka. Dingeman ya tura ƙofar ɗakin gaba.

Tanne na zaune a kujerarta, kai a baya, tana dariya har numfashinta na sarƙewa. A talabijin wani mutum tsirara, ya kare gabansa da hular ɗan sanda, yana gudu a barandar otal, mata uku na bin sa.

Lieven ya miƙe zai kashe talabijin, ya danna wani wuri sauti ya ƙaru. Tanne ta juyo ta ga yayanta cikin baƙar kwat, da farin zane a hannun matarsa. Dariyar ta tsaya.

Dingeman ya je da kansa ya buɗe labulen, don mutanen da suka taru a titi su san ba a mutu ba. Sannan ya ce, a hankali, "Na yi mata kuka tun daga gidana har nan, Lieven."

Dattawa suka zauna ranar Juma'a. Hukuncin gajere ne: akwatin talabijin ya bar gidan kafin Litinin, Lieven ya tsaya gabansu ya amsa laifinsa. In ba haka ba, ba matar coci da za ta sake taka gidan. Mahaifiyata ta so ta ce ita za ta ci gaba da zuwa, mahaifina ya ce ba da ƙafarta ba. Ranar Asabar ba wadda ta zo. Lieven ya gwada ɗaga Tanne shi kaɗai, bayansa ya riƙe, suka zube tare a gefen gado, ya yi kusan awa kafin ya mayar da ita.

Da rana ya zauna ya riƙe hannunta na hagu. Haka suke magana, in eh ne ta matse. Ya yi mata bayani da gajerun kalmomi, sau biyu, har ya tabbata ta gane: ko akwati ya fita, ko a kai ta tsallaken ruwa.

"'Yar tsohuwa, mu fitar da shi?"

Hannun bai motsa ba.

"Mu bar shi?"

Ta matse har ya ji zafi.

Ya ce mata can ma babu talabijin, za ta rasa duka biyu, gida da talabijin. Ta sake matsewa. Ya ce mini ya gane abin da take nufi sarai. Ba ta so a durƙusa wa Dingeman.

Ranar Litinin da safe, tana kallo, ya ɗora talabijin da na'urar a baro. Ya tura su ta tsakiyar titi, kowace taga da mutum a bayanta, har farfajiyar Dingeman, ya ajiye. Da yamma ya tsaya gaban dattawa ya faɗi abin da suke so ya faɗa. Kaset biyun da ke hannunsa ya aika wa Jolanda ta gidan waya, bai sake shiga shagon ba.

Mata biyar suka dawo. Leuntje ta ce ita ba za ta iya kallon fuskar Tanne ba, mahaifiyata ta ɗauki Talatarta ta haɗa da tata. Likita bai sa hannu a takarda ba. Tanne ta zauna a gidanta shekara uku da wata biyu, a ɗakin gaba, Lieven na ba ta abinci da cokali. Tana karɓa daga hannunsa. Amma in ya zauna ta gefen hagu ya yi mata tambaya, sai ta janye hannun ta sa ƙarƙashin bargo, kuma haka ta yi har ta rasu.