Motar da take mutuwa a Gwada

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Minna, mahaifinmu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota salun fara. Da aka zo rabon gado, mahaifiyata abu ɗaya ta roƙa: kada a sayar da motar nan. Yayana ɗan kasuwar doya ne, ba ya wasa da kuɗi. Ya yarda, amma bisa sharaɗin ni zan riƙe ta, in riƙa kai tsohuwa Kuta wurin danginta, kuma ranar da motar ta zama kaya, a rabu da ita. Na bugi ƙirji na ce na ji na gani, ni da ko canza taya ban iya ba.

Rani ya wuce lafiya. Damina na sauka, sai motar ta ɓullo da wani hali. A cikin gari ba ka jin kanta, amma in muka ɗauki hanyar Kuta, muna wuce Gwada sai ta fara fizga, ta yi tari biyu, ta mutu. Ka yi ta murɗa makulli, ko gezau. In aka ba ta kamar rabin awa, sai ta tashi abinta, ba wanda ya taɓa ta. A dawowa ma haka, kusan a wuri ɗaya. Har masu sayar da doya a bakin titin suka san mu, wata ma ta ba ni shawarar in daina bi ta gaban tsamiyar nan ba sallama.

Na shiga yawon gareji. Bakanike na farko ya ce fulogi ne, aka canza. Na biyu ya wanke kafireta, da abin ya ƙi ya ce ai ta gama aiki, na sayo wata. Daga nan famfon mai, daga nan kwayil. Kowanne zai zagaya da ita cikin gari, ya dawo ya miƙo min makulli yana cewa ta zama sabuwa, ranar Asabar kuma in same ni a Gwada ina fifita da hula. Albashina na wata biyu ya narke, na haddace sunayen kayan mota fiye da na ɗalibaina. Na ƙarshe ya ce sai an sauke inji, ya faɗi kuɗin da ya sa na nemi benci na zauna.

Nan haƙurin yayana ya ƙare. Ya samo mai saye, wani mai fasa motoci yana sayar da kayansu, ya ce mako mai zuwa zai zo ya ja ta.  Da safe na ga mahaifiyata tana goge gilashin motar da bakin mayafinta, kuma wallahi abin ya ci min rai.

Wani abokina da muke koyarwa tare ya ce in gwada wani dattijo a Ketaren Gwari, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi ritaya daga gyaran injinan jirgin ƙasa a reluwe. Na je ba don na sa rai ba. Ba gareji, ba akwatin kayan aiki, yana zaune gindin mangwaro yana gyara wata fitila. Na yi sauri zan buɗe masa bonet, ya ce in bari. Sai tambayoyi kamar a gaban alƙali: yaushe ta fara, tafiyar minti nawa take yi kafin ta mutu, hutun minti nawa take so, ta taɓa yi a cikin gari? Da ya gama, ya ɗauki hularsa ya ce in kai shi inda take mutuwa. Na yi ta ƙunƙuni a raina saboda man da zan ƙona.

Tun daga Minna idonsa a rufe, har na ɗauka barci ya yi. Muna wuce Gwada ta yi halinta. Ya buɗe ido ya ce kada in taɓa komai. Maimakon ya nufi gaba wurin inji, sai ya zagaya baya, ya buɗe 'yar ƙofar tanki, ya tsaya yana kallo. Ya yafito ni.

"Malam, wa ya ɗaura wannan?"

Leda ce, ninki uku, an rufe bakin tankin da ita sannan aka murɗa marfi a kai, aka ƙara ɗaurewa da roba. Ni ne. Da farkon damina na ga marfin yana ɗan rawa, na ji tsoron ruwa ya shiga, na yi wannan dabarar, har ina yaba wa kaina. Ko an sha mai, ni nake mayar da ita da hannuna.

Ya ce in kawo kunne. Ya murɗe marfin a hankali, ya ɗaga ledar. Sai na ji tankin ya ja iska, fuuu, doguwa, sannan ƙarfen ya yi ƙara daga ƙasa yana komawa daidai. 

"Ka taɓa huda gwangwanin madara wuri ɗaya?" ya tambaye ni da irin Hausarsa. "Madara yana fita? Sai ka huda na biyu. Motan nan lafiyan shi ƙalau. Kai ne ka toshe masa hanci."

Murɗa ɗaya ta tashi. Muka je Kuta muka dawo, ko tari ba ta yi ba. Na ciro abin da ya rage a aljihuna, ya ture hannuna, wai kuɗin me, shi da ko noti bai kwance ba. Da ƙyar ya karɓi doya biyu.

Faɗa wa yayana ya fi komai wuya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira ni injiniya, sunan da ya bi ni shekaru, sannan ya aika wa mai sayen cewa an fasa. Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Dama na san ba halinta ba ne. Mahaifinku bai taɓa bari na a hanya ba."

Har yau in na tuna dattijon nan, mamaki nake yi. Mutum huɗu sun kwance ƙarfe sun ɗaura, shi tambaya kawai ya yi, ya saurara, ya je inda abin yake faruwa. Tun daga lokacin, in ɗalibi ya kasa karatu, nakan fara bincikar abin da ni na yi kafin in ɗora masa laifi. Motar kuwa ta ci gaba da kai mahaifiyata Kuta har ƙarfin tsohuwa ya ƙare. Ranar da jikinta ya yi tsanani a can, a cikin motar na ɗauko ta zuwa asibiti a Minna, kanta a kan cinyar yayana. Muka wuce Gwada ba mu tsaya ba.