Bel ɗin Injin Niƙana a Motar Baba

Surukina, Baba, yana da wata doguwar mota ƙirar Amurka, tun yana saurayi ya saye ta a Kankia. A saman injinta akwai wani ƙarfe da makanikai ke ce wa sufacaja. Aikinsa ya dinga cusa wa injin iska don ya ƙara ƙarfi, bel ne kuma ke juya shi. To, bel ɗin nan ne ya tsinke. An zaga Kano, an leƙa har Maraɗi, babu irinsa. Motar tana tashi, amma tafiyar sai ka ce ta tsohon jaki, Baba kuwa ya rantse ba zai fita da ita a haka ba. Ta yi ta zama a ƙofar gida, awaki na hutawa a ƙarƙashinta.

Wata ranar kasuwar Kusada sai ga 'yan gwangwan. Ƙannen maigidana ne suka kira su, wai a yanka motar a sayar da ƙarfen. Baba na zaune a tabarma, kai a sunkuye. Wallahi raina ya ɓaci!

Ni injin niƙa gare ni a zaure, bel kuwa na sha canza shi da hannuna. Na ce maigida ya miƙo mini tsinkakken. Ina shafa shi na ji kaurinsu ɗaya da nawa. Mata na layi da ƙoren hatsi, na kashe injin, na zare bel ɗin.

"Ke, mi kike yi haka?" in ji maigida. "Motar Amurka ce hwa, ba dawa za ta niƙa ba!"

"Malam, kai dai ka gwada."

Bel ɗin ya ɗan yi tsawo, sai da makaniken unguwarmu ya yi dabarar ɗame shi. Aka aro batir, aka murza makulli. Kai! Injin ya yi gurnani, ƙarfen nan ya ɗauki wani siririn fito, har kwanukan zaure na rawa.

Baba ya miƙe, ko sandarsa bai nema ba. Ya sallami 'yan gwangwan, ya ce su gaida gida. Sannan ya tako bakin zaure. Tunda na zo gidan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina durƙushe.

"'Yar nan," ya ce, "ɗauko mayafinki. Kankia za mu, ke za ki zauna gaba."

Na ba matan haƙuri, na shiga. 'Ya'yansa duk a baya suka cushe.