Farin Tob a Titin Kasuwar Riɗi

Ranakun aiki da yawa sun zube mini daga kai, amma ban taɓa mantawa da Lahadin da Muhandisa Nafisa ta ƙi shan shayina ba. Ku da kuka zo maktab ɗin nan a bayana, ku gyara zama.

Ni Hajja Kande, shekara goma sha ɗaya na yi ina farrasha, wato mai shara da dafa shayi da jabana, gahawarmu ke nan, a wannan maktab, ofishin muhandisai masu zanen gini, a Gadarif. Kafin nan na yi shekara ashirin ina sayar da shayi a bakin titin da ke shiga kasuwar riɗi. Ko alif ban sani ba, wannan ma jikata ce ke rubutawa, amma titin nan na san shi kamar tafin hannuna.

Ga tsarin wurin ga wanda bai sani ba. Bashmuhandis Usman ne a sama, shi ke sa hannu a kowace takarda. Muhandisai na ƙarƙashinsa. Sabon shiga kuwa sai ya yi wata uku na gwaji, in ya ci a riƙe shi, in bai ci ba a yi masa addu'a ya kama hanya. Nafisa 'yar garin Hawata ce, Bahaushiya irinmu, kuma a makon da nake ba ku labari watanta na uku ke cika.

Wasu 'yan kasuwa ne suke so a yi wa layin shagunansu rumfa, suka ce sai sun ga yadda titin zai koma kafin su yarda. Aka ba Nafisa aikin. Ba da kyamara ake yin irin wannan hoto ba. A cikin kwamfuta take gina titin, bango bango, har buhunan riɗi da lorin da ke sauke su. In ta gama sai ta faɗa wa kwamfutar wata kaza, ƙarfe kaza, ita kuma ta fito da rana ta shimfiɗa inuwa da kanta. Ranar da na fara ganin inuwar bango tana rarrafe a cikin gilashi, sai da na ajiye tire na yi salati.

Sai Nafisa ta ce titin ba zai cika ba sai da mai shayi, in zauna ta ɗauki surata ta kowane gefe. Washegari na zo da farin tob, wato lafaya, irin na ma'aikatan gwamnati, ga lalle, ga awarwaro, ga sabon takalmi. Ta kawo bambar, 'yar kujerar nan ta masu shayi, na ture ta na hau kujerar baƙi.

"Haboba, haka kike zama a titi?" in ji ta. Haka take kirana, wato kaka.

"Ya bitti, 'yata, duniya ce za ta gan ni. Ki sa ni a tsakiya inda haske yake, kar ki ɓoye ni a lungu."

Yarinya mai kunya, ta yi yadda na ce.

Da ta gama ta kira ni. Wallahi na miƙa yatsa in taɓa ruwan da ya kwanta a gefen titi, yatsana ya bugi gilashi. Lokacin harif ne a hoton, wato damina, an yi ruwa an ɗauke, ga baƙar lakar gonakin Gadambaliya manne a tayar lori, ga hadari can ta kudu. Ga ni kuma a tsakiya, fara fat.

Ƙa'idar maktab ita ce, kafin masu aiki su ga hoto, sai an sa shi a gurub, wani taron masu irin wannan sana'a a intanet, 'yan ƙasa da na waje. Bashmuhandis yakan ce idon gida yana da kara, na waje ba shi da ita. Nafisa ta sa nata ranar Alhamis. Lahadi da safe na kai mata shayi, ta ce ta ƙoshi, idonta jawur. Na ja kujera na ce ta karanta mini abin da 'yan gurub suka rubuta, kar ta tsallake ko ɗaya.

Na farko yabo ne. Sai wani mai kiran kansa Ɗan Basunda, tsohon direban lori da ya koma ƙasar waje yana koyon wannan aiki. Ya ce: "Titin nan na gane shi, har ramin da ke karya mana sifirin. Amma wace ce wannan? Mai shayi da farin tob a harif? Ta bar inuwa ta zauna a rana ƙarfe goma, hayaƙin kanun, murhun gawayinta, yana shiga idon masu saye. Ita ta kashe hoton." Daga nan kowa ya samu baki. Wani ya ce mudira ce, shugabar ofis, ta zo duba masu shayi. Wani ya ce daga sama aka sauko da ita, shi ya sa laka ba ta san takalminta ba.

Na miƙe. "Rubuta masa! Ki ce ina dafa shayi a titin nan tun yana yawo ba wando!"

Ita kuma so take ta goge hoton duka. Muna cikin haka Bashmuhandis ya leƙo.

"Ba a gogewa, ba a ramawa," in ji shi. "Wanda ya zage ki, bar shi da bakinsa. Wanda ya nuna miki wuri da yatsa, je ki duba wurin. Laraba 'yan kasuwa za su zo. In hoton bai tsaya da ƙafarsa ba, ba zan sa hannu a takardarki ba, ya Nafisa."

Ya fita. Ta sunkuyar da kai. Da ta ce masa haboba ce ta tilasta ni, da gaskiya ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Wannan shirun ya fi maganar Ɗan Basunda zafi.

Na sake duban hoton, wannan karon da idon mai shayi. Kanun a gefen da iska ke fitowa. Babu jarkar ruwa, babu robar wanke kofuna. Matar nan ta tsakiya, da maƙwabciyata ce a titi, da ni zan fara yi mata dariya.

Litinin da sassafe na sa tsohon tob ɗina mai hudar garwashi, na ja ta zuwa titin. Amna da ta gaji wurina ta ara mini bambar da kanun, tana cewa, "Su Hajja an tuna talakawa." Na nuna wa Nafisa komai. Da safe ana zama yammacin bango, inuwa na gudu ana binta da kaya. A harif iska daga kudu take, saboda haka wuta tana arewa da masu zama. Ana ɗora kwalaben citta da kirfa a kan akwati, ana sa bulo a ƙarƙashinsa saboda laka. Mai shayi ba ta miƙe baya, gwiwa ɗaya a gaba, hannu a kan mafici, ido a kan titi.

Nan ta sake ɗaukar surata. Kwana biyu tana gyara. Ta mayar da hoton gurub, ta rubuta godiya ga wanda ya nuna kuskuren, da sunansa. Sai ga sabuwar rigima: wani ya rantse wannan ba ginin kwamfuta ba ne, da waya aka ɗauka, yaudara ce. Nafisa ta yi dariyar da ban taɓa ji ba. Ta cire wa hoton launi da fata ta sa musu ƙashinsa. Jama'a, na ga kaina babu fuska babu tob, zare ne kawai a saƙe kamar ragar masunta, amma ko a haka zamana ne, gwiwata ce. Na ce Allah mai iko, da ya ba ɗan Adam wannan.

Ɗan Basunda ya dawo da layi ɗaya: "Yanzu na san wannan matar. A ce mata jabana ɗaya, citta da yawa."

Laraba 'yan kasuwa suka zo. Ba wanda ya ce hoton ya yi kyau. Hajj Bashir mai shagon buhu ya dangwala yatsa yana faɗa, wai ginshiƙin rumfa ya tare masa ƙofa, lori ba zai matso ba. Suka kaure da musu kamar a titin suke tsaye. Bashmuhandis ya zaro biro daga aljihu, a gabansu ya sa hannu a takardar Nafisa.

Abin da na koya ke nan. Masu wannan sana'a suna iya kiran rana ta fito a cikin gilashi, amma ba su san inda mai shayi ke ajiye wutarta ba sai sun tambaya, kuma nagarinsu shi ne mai tambayar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kuma, in an ce ku zauna a ɗauke ku, ku zo da tob ɗin da kuke aiki da shi.