Baba a Cikin Randa

Daren jiya wani mafarki na yi, jama'a, har yanzu ya ƙi sakina.

A ɗakin Babanmu a Damagaram akwai wani hoto da ya yanko daga littafi tun yana koyarwa. Zanen wani Bafaranshe ne na ƙarni na sha tara: wani tsohon masani na ƙasar Girka zaune cikin ƙatuwar randa da aka kwantar, yana kunna fitila da rana tsaka, karnuka sun zuba masa ido. Muna yara mukan ce mahaukaci ne. Baba ya ce a'a, mutum yake nema.

To, sai na gan ni cikin hoton nan. Ga dogayen ginshiƙai na farin dutse, amma ƙasar ta tsakar gidanmu ce, har da turmin Inna. Karnukan ba su yi haushi ba. Na leƙa randar, sai kawai na ga Baba ne, da hularsa ta zuwa Juma'a, yana gyara lagwani.

Sai kawai ga ƙannena sun jeru. Ya fito yana ɗaga fitilar a fuskar kowa, ya girgiza kai, ya wuce. A zahiri ma haka yake yanzu, tsufa ya kwashe masa sunayen 'ya'yansa.

Ni ce 'yar fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, saboda kunya. "Ke" ce ni, ko "waccan". Ina ƙarama nakan laɓe a bayan ƙofa ko zai yi suɓutar baki. Ina! Allah Ya sani, ban taɓa kwaɗayin wani abu kamar in ji sunan nan a bakinsa ba.

Ya iso kaina. Ina jin zafin fitilar a kumatuna. Ya daɗe yana kallona, sai kawai ya ce, "Hadiza."

Na ce, "Na'am, Baba. Ka gane ni?"

Sai ya juya. Ya koma randarsa ya zauna, karnukan suka kewaye shi.

Na farka ana kiran assalatu, matashina a jiƙe. Jibi zan tafi gida duba shi, ina ɗoki, ina kuma jin tsoro. Masu sani, ku taimake ni. In na shiga ya ɗago ya kira sunana, gane ni ya yi, ko kuwa ya manta ni ce 'yar farinsa?